Amsa ga Maman Biyu kan kyautar Kirsimeti da za ta daɗe

Salama a gare ki Maman Biyu. Na ga tambayarki tun jiya, cewa Kirsimeti ta matso, kuɗin hannu ba yawa, kuma kin gaji da sayen abun da kafin sabuwar shekara ya karye ko an manta da shi, kina neman abun da za ki ba yara da maigida da surukarki wanda zai daɗe. Bari in faɗi nawa a matsayina na uwa da ta aurar har ta ga jikoki.

Da farko don Allah kar ki soke kayan Kirsimeti da shinkafa da ɗan nama da sunan kina neman abu mai ma'ana. Na ga wasu da suka amsa miki a wannan zaure suna cewa duk almubazzaranci ne, ni ban yarda ba. Yaro ɗan shekara 6 da ya je sujada ranar 25 ga Disamba ya ga kowa da sabon ɗinki shi babu, ba wa'azin da zai shiga kunnensa ranar. Ki ɗinka musu daidai ƙarfinki ko atamfa mai sauƙi ce, abun da ban goyi baya ba shi ne cin bashi ko cinye kuɗin adashe gaba ɗaya saboda kwana biyu, alhali kuɗin makaranta na jira a Janairu.

To abun da na lura da shi a shekarun nan shi ne, kyautar da ke daɗewa ita ce wadda hannunki bai fita daga cikinta ba bayan kin miƙa. Tsadar abu ba ta sa ya daɗe.

Ɗauki Littafi Mai Tsarki. Kowa zai ce miki ki saya wa yaro, kuma gaskiya ne, amma gidaje nawa ne yake kan kabad ƙura ta rufe shi? Ni yadda nake yi, duk yaron da ya iya karatu da kansa sai in saya masa nasa, ba na gida ba, nasa shi kaɗai. A shafin farko in rubuta cikakken sunansa da biro, ranar haihuwarsa, sunan kakanninsa na ɓangare biyu da ƙauyen da suka fito, sannan aya ɗaya da na zaɓa masa da dalilin da ya sa na zaɓe ta. In ya yi baftisma mu ƙara ranar a ƙasa. Sai kuma babban aikin, wato zama da shi da yamma ko na minti goma ne, shi ya karanta ke ki saurara, in ya yi tuntuɓe a sunaye irin su Nebukadnezzar ku yi dariya tare ku wuce. Maimaitawar Shari'a sura 6 ai abun da ta ce ke nan, a koya wa 'ya'ya a zaune a gida, a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Ba ta ce a miƙa wa malamin Sande Sukul, ajin yara na ranar Lahadi a coci, a tafi ba. Babbar 'yata har yau nata na nan a gidan mijinta, bangon ya yage an ɗaure da salatif, ta ƙi a canja mata, kuma a ƙarƙashin rubutuna ta soma jera sunayen nata yaran.

Ki lura da fassarar kuma. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi aiki a kai, daga baya aka yi sabuwar fassara ta 1979. Tsofaffi da yawa da ta farkon suka haddace ayoyinsu, in kika kawo musu sabuwa sai su ce ba haka take ba. Yara kuma Hausar tsohuwar ta yi musu nauyi. Saboda haka kar ki saya wa kowa iri ɗaya. In kina Jos ki leƙa shagon littattafai na Challenge ko na Albishir ki buɗe ki karanta Zabura 23 a kowanne kafin ki biya.

Batun surukarki, ki fara duba idonta kafin ki saya mata zani na goma. Tawa surukar ta daina buɗe Littafin Waƙoƙi a taron Zumuntar Mata na coci, muka ɗauka gajiya ce ta tsufa, ashe baƙaƙen ne ba ta gani kuma kunya ta hana ta faɗa. Aka kai ta gwajin ido aka yanka mata gilashi, ranar Lahadi sai ga Mama ta buɗe littafinta tana bin baiti da yatsa tana rerawa da ƙarfi har ta fi mai bugun tulu. Kuma tunda tana da rai, ki karɓi kyauta daga wurinta ki ajiye wa yaranki: ki kunna rikoda a waya ki sa ta ba da labarin yadda bishara ta shigo ƙauyensu, wa ya fara tuba a gidan, wace wahala suka sha, ta yi waƙa da addu'a da yarenku. Mu Bajju ne, yarana Hausa da Turanci suka tashi da su a Kaduna, yarenmu na Jju kuwa sai gaisuwa, kuma wannan abu yana damuna sosai. Muryar kakarsu da muka ɗauka yanzu ita ce abun da suka fi roƙo a tura musu. Bulus da ya rubuta wa Timoti ai sai da ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, nan bangaskiyar ta biyo. Ki kwafe a memori biyu, waya tana ɓata.

Ga yaran da suka ɗan tasa, in kuna da wuri ko kuna da 'yan'uwa a ƙauye, 'yar akuya ta fi motar roba nesa ba kusa ba. Cikinta wata biyar ne, sau da yawa ma biyu take haifa. Amma ta zama tasa da gaske, shi zai nemo mata harawa da dusa, shi zai share wurin, kuma in ta haihu ki zauna da shi a fitar da zakka, a ware na littattafan makaranta, sauran a bari su ƙaru. Abu ɗaya nake roƙo, kar wata rana baƙi su zo a kama akuyar yaro a yanka ba a tambaye shi ba. Iyaye suna yin haka suna ganin ba komai, amma yaro ba ya mantawa, kuma daga ranar ya koyi cewa maganar babba ba abar riƙewa ba ce.

Mai koyon ɗinki kuma keken Butterfly ko na hannu ne, in kuɗin bai kai ba ku haɗa da 'yan'uwa, kyauta ɗaya daga mutum huɗu ta fi tarkace huɗu.

Maigida kuwa, maza ba su cika faɗin abun da suke so ba, ki duba abun aikinsa da ya tsufa ki sabunta. Amma bari in juya ga iyaye maza da ke cikin wannan zaure, don nasan kuna karantawa kuna shiru. Babbar kyautar da za ku ba matanku da 'ya'yanku ita ce takarda. In akwai fili ko gida, a rubuta, a sa sunan matar a ciki, a yi shaidu, a gaya wa dangi tun kuna da rai. A Zumuntar Mata mun sha zuwa ta'aziyya mu koma bayan wata uku mu tarar an fitar da gwauruwa da marayu daga ɗakin da ita ta ɗauki bulo a ka aka gina. Abun yana ci mini rai, kuma a gidajen masu bi ake yi. Misalai 13:22 ta yi maganar mutumin kirki da ke barin gado har wa jikoki, to gadon da ba a rubuta ba rigima ake bari. Haka takardar haihuwar yara da lambar NIN, tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, a yi musu tun da wuri kuma a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a ko'ina.

Na ga wata ta ba ki shawarar dasa wa kowane yaro itace, shawara ce mai kyau, mu ma muna da mangwaro a gida da ake kira da sunan autana. Sai dai Disamba hunturu ne, ƙasa ta bushe, in ba za ku iya ban ruwa kullum da kare shi daga awaki ba zai mutu yaron ya ji haushi. Ki nuna masa wurin ranar Kirsimeti ku kafa alama, in damina ta zauna wajen Yuni sai ku dasa, kuma ki nemi dashen mangwaron da aka yi wa aure don shi cikin shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya, na ƙwallo yana ɗaukar lokaci fiye da haka.

In kin faɗi shekarun yaran da ko a gari kuke ko ƙauye zan iya ce miki wanne ya fi dacewa da wanne. A gaida 'yan biyu da Mama.