Amsa ga 'yar'uwar da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce hoton ƙwaƙwalwa ya nuna matsalar a ɓangaren hagu take, alhali hannu da ƙafar dama ne suka shanye, magana ma ta ɗauke, har 'yan gida sun fara cewa likita bai gane ciwon ba. Kin kuma ce idan aka sosa masa tafin ƙafar takan zabura. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɗakin da ake kwantar da masu wannan lalura.

Likita bai yi kuskure ba, haka Allah Ya tsara jikin ɗan Adam. Umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya gangaro ta jijiyoyin saƙo. A gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, mafi yawansu sai su tsallaka: na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Daga nan su bi lakar da ke cikin ƙashin baya, inda jijiyoyi 31 ke fita ta kowane gefe su watsu cikin jiki. To in hagun ƙwaƙwalwa ya taɓu, dama ce za ta faɗi.

Ɗaukewar maganar ma ta ƙara gaskata hoton, domin a yawancin mutane cibiyar magana a hagu take. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya fara gano haka a kan wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan". Da mutumin ya rasu aka duba, sai ga rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. Na sha ganin dattijo yana son ya ce a ba shi ruwa, baki na rawa, kalmar ta ƙi fitowa, sai hawaye. Amma da an ja masa Fatiha sai ya ɗauka har ƙarshe, saboda abin da harshe ya saba da shi tun yarinta ba ya buƙatar a harhaɗa shi sabo. Don Allah ki gargaɗi masu zuwa dubiya. Da yawa daga cikin irin su Baba suna fahimtar abin da ake faɗa, kar a tsaya a kansa ana cewa "kai, jikin nan ya yi tsanani." Ku riƙa yi masa gajeriyar tambaya wadda zai amsa da kai, kuma ku ba shi lokaci.

Zaburar ƙafar kuwa aikin laka ne. Saƙon sosawar yana shiga laka, ita kuma ta mayar da amsa nan take ba tare da jiran ƙwaƙwalwa ba. Ba ya nufin an warke, amma yana nuna ƙafar da jijiyoyinta suna nan da ransu. Kamar fanka ce da aka ɗauke wa wuta, kwance ta ba zai sa ta juya ba. Shi ya sa tsaga da ƙaho a hannun da ya shanye ke ba ni takaici, wahala ce kawai aka ƙara wa bawan Allah. Gashi da ruwan zafi ya fi muni, don sau da yawa ɓarin ba ya ji sosai. Na taɓa kwance tsumma daga hannun wani majinyaci, fata ta biyo tsumman, shi kuwa bai ma san ya ƙone ba.

Asalin ciwon a hanyar jini yake: ko ta toshe, ko ta fashe a cikin kai, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, in ya yanke mata na 'yan mintoci ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Ki tambayi likita wanne ne na Baba, toshewa ko fashewa, domin maganinsu ya bambanta. Kar kowa ya ba shi asfirin da ka. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, sai dai na kusa da su kan koyi aikin in an yi ta maimaitawa. Amfanin zuwa gashin ƙashi na asibiti ke nan, wato atisayen motsa gaɓoɓi, kuma an fi samun ci gaba a watanni 3 zuwa 6 na farko, don haka ba yanzu ne lokacin jan ƙafa ba. A gida ma kar tausayi ya sa ku yi masa komai. Ku bar shi ya yi fama da kofi ko carbi da hannun nan, ko da zai suɓuce sau goma.

Wajen tayar da shi kar a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa, ku tallafo shi ta ƙirji da baya. In ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Addu'a da tofi ku ci gaba, babu mai hana ku. Amma duk abin sha, ruwa ne ko kunu ko rubutu, sai yana zaune a miƙe, kaɗan-kaɗan da cokali. In yana tari ko muryarsa na gurgura bayan haɗiya, ku dakata ku gaya wa ma'aikata, domin abin na iya bi ta huhu ya zama ciwon haƙarƙari. In kuma kun ga bakin ya ƙara karkacewa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko ya fara jijjiga, ku koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.