Recession da depression da gloom: duk "karayar tattalin arziki" ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara labarai a wani gidan rediyo a nan Kaduna. Kwanan baya na ci karo da "economic gloom" a wani rahoto, na mayar da shi "karayar tattalin arziki". Edita ya soke da jan biro, bai ko gaya mini dalili ba. Ni a ganina recession da depression da slump da gloom da pessimism duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Don Allah ina bambancin? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Editanka bai zalunce ka ba, sai dai da ya yi maka bayani da ya fi.

Kalmomin da ka jero ba gidansu ɗaya ba. Wasu na ma'auni ne, sai an kawo alƙaluma kafin a yarda da su. Wasu kuwa abin da ke cikin zukatan mutane suke bayyanawa. Kai ka ɗauko kalmar zuci ka ba ta fassarar ma'auni.

Recession ita ce aka fi yi wa ƙa'ida. Yawancin masana da 'yan jarida suna kiran ta ne idan jimillar abin da ƙasa ke samarwa ta ragu a zango biyu a jere, kowane zango wata uku. Najeriya ta faɗa cikinta a 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Ta sake faɗawa a 2020, lokacin kullen korona. Ni "koma bayan tattalin arziki" nake ba ta, don abin ya ja da baya ne, bai mutu ba.

A nan ne masu fassara ke yawan tuntuɓe. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 34 cikin 100, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Matar da ta shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kuɗin cefanen da ta saba, ta fito da leda rabi, ba wanda zai gaya mata ƙasa ba ta cikin matsi. Amma a takarda tattalin arzikin ƙaruwa ya yi a shekarar, ba raguwa ba. Saboda haka wannan inflation ce, tsadar rayuwa, ba recession ba. In ka haɗa su a labari, ranar da wani jami'i zai fito ya ce "babu recession", masu sauraro za su ɗauka raina musu hankali yake yi, alhali maganar alƙaluma yake.

Depression ita ce babbar yaya, kuma ita ta cancanci "karaya" ko "durƙushewa". Ba ta da ƙa'ida tsayayya kamar ƙanwarta. Zurfi da daɗewa ake dubawa. Abin misali shi ne wanda ya fara a Amurka da rushewar kasuwar hannun jari ta Niyok a watan Oktoban 1929. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi, bankuna dubbai sun rufe. Amurkawa suna da wani barkwanci da Ronald Reagan ya yi amfani da shi a yaƙin neman zaɓen 1980: in maƙwabcinka ya rasa aiki, recession ce, in kai ka rasa naka, depression ce. Ka kula kuma, kalmar tana nufin ciwon damuwa a bakin likitoci. Na taɓa ganin fassarar da ta ce matasa suna fama da karayar tattalin arziki, alhali rahoton na asibitin masu taɓin hankali ne.

Slump faɗuwa ce ta farat ɗaya, galibi a wani ɓangare: ciniki, ko farashin kaya. 'Yan gwanjon Kasuwar Barci suna da fassararta tun tuni: kasuwa ta faɗi, kaya sun yi kwantai. Downturn ta fi ta sauƙi, slowdown kuma tafiyar hawainiya ce kawai, ana gaba amma da ƙyar.

Decline fa? Ga unguwar Kakuri ta Kaduna nan. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, har aka riƙa kiran Kaduna cibiyar masaƙu. Dattawan unguwar za su ba ka labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki. Ba dare ɗaya abin ya lalace ba. Rashin wuta, tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri suka yi ta cin su a hankali, har KTL ta rufe a 2002. Wannan zaizayewa ta shekara da shekaru ita ce decline. Ka ce "taɓarɓarewa".

Yanzu ga taka. Gloom a zahiri duhu-duhu ne, irin na hadari in ya haɗo da la'asar. Aka aro ta ga halin da jama'a ke shiga in jiki ya yi sanyi, fuska ba walwala. "Economic gloom" ke nan zullumi ne ko sanyin gwiwa game da tattalin arziki, kuma yana iya sauka tun alƙaluma ba su nuna komai ba. Da ka rubuta "'yan kasuwa na cikin zullumi", da jan biron bai taɓa ka ba. In ka ga "doom and gloom" kuwa, sau da yawa da ɗan ba'a a ciki, ana nufin masu yawan kururuwar cewa komai ya lalace.

Pessimism daga Latin take, daga kalmar da ke nufin "mafi muni". Hali ne na mai hangen cewa gobe za ta fi yau lalacewa. Mutane kan fassara ta da "yanke ƙauna", ni kuwa ban yarda ba. Yanke ƙauna despair ce, ta wanda ya riga ya sallama. Pessimist bai rufe shagonsa ba, yana dai cewa bana ma ba za a yi ciniki ba. "Rashin kyakkyawan fata" ya fi dacewa da shi. "Mummunan zato" ma ka yi hattara da shi, don a kunnen Bahaushe zargin mutum yake nufi.

Akwai wata da ba ka tambaya ba amma za ka gamu da ita: austerity. Wannan ba cuta ba ce, maganin da gwamnati ke cewa ta kawo ne, wato tsuke bakin aljihu, irin wanda gwamnatin Shagari ta ɗauka a 1982 da kuɗin mai ya ja baya. Ka tambayi editan naka, in ya kai shekarun, zai tuna layin sayen madara da sabulu na wancan zamanin.