Filin Masu Karatu: Bindiga ɗaya za ta yi mini farauta da tsaron gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni manomi ne a yankin Bakalori, ƙaramar hukumar Talata Mafara. Na sayar da shinkafar rani, na samu ɗan abin hannu, ina son in mallaki bindiga. Mukan fita harbin zabi da fakara, wani lokaci zomo ko gada. Amma gaskiya iyalina ne a raina, don ka san halin da muke ciki da ɓarayin daji. Wani abokina ya ce in nemi mai lamba 12, wani ya ce 22, wani kuma ya ce duk wasa ne in ba mai cin harsashin AK ba. Wacce za ta yi mini aikin biyu? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na sakaya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Lambobin nan da abokanka ke jefo maka ba mudu ɗaya ya auna su ba. Lamba 12 tsohon lissafin Turawa ne. A ɗauki laba ɗaya ta dalma, a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar, wato kimanin milimita 18 da rabi. Shi ya sa mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki, abin da ke rikita mutane da yawa. Irin wannan bindigar cikin bututunta sumul yake, kuma watsa ƙwayoyi take yi kamar an watsa wa kaji tsaba. Ita kuwa 22 inci ake nufi, kashi 22 cikin 100 na inci, wajen milimita 5.6. Cikin bututunta akwai zane mai murɗiya da ke juya harsashi, ƙwaya ɗaya tak take fitarwa. Harsashin AK milimita 7.62 ne, kuma nan zan tsaya da kai.

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne, kuma a ciki an ambaci bindigogin soja masu cin harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303, har da fistol. Waɗannan shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, wanda aka kama da ɗaya babu izini kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Gida na biyu na bindigogin farauta ne, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da 22, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ka lura, dokar ta cire mai sarrafa kanta da mai ɗura kanta daga wannan gida, don haka wadda samari ke kira famfo ba ta ciki. Gida na uku shi ne na bindigar toka, harba-ka-ruga ta iyayenmu, wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta.

Na san za ka ce ai gwamna ya taɓa cewa kowa ya nemi bindiga. Haka ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta faɗi haka, amma ba a jima ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka kafin ka miƙa wa kowa ko sisi, taka da ƙafarka zuwa hedikwatar 'yan sanda a Gusau ka ji inda maganar ta tsaya. Duk wanda ya ce zai kawo maka bindiga da takardarta har gida, ka riƙe kuɗin shinkafarka.

In ƙofa ta buɗe, ga farautar da ka lissafa ni lamba 12 zan ce maka, mai baki ɗaya ko biyu. Dalilina shi ne a wannan bindigar harsashi ake sauyawa, bindigar na nan yadda take. A jikin kwanso za ka ga wata lamba daban, ta girman ƙwayoyin ciki, ita ma a juye take: babbar lamba, ƙananan ƙwayoyi. Lamba 6 na ɗauke da ƙwaya sama da 200, ta ishe ka fakara da zomo. Zabo tsuntsu ne mai taurin rai da kaurin gashi, na sha harbinsa da lamba 6 a fadamar Argungu in ga gashi na tashi shi kuma ya yi gaba abinsa, sai da na koma lamba 4 muka daidaita. Gada kuwa sai manyan ƙwayoyi irin BB ko AAA, kuma daga kusa. In dabba ta wuce taku 40, ka bar ta. Rauni kawai za ka yi mata ta je ta mutu a ƙaya, kai ba ka ci ba, ita ba ta rayu ba.

Ita 22 ba ta da ƙara sosai, ba ta naushin kafaɗa, kuma a hannun gwani tana ɗauke kan zomo tsaf. Abin da ya sa ba na sonta a ƙasarku shi ne filin Bakalori shimfiɗe yake, ko'ina mutane ne a duƙe cikin shinkafa, ga yara masu korar jan-baki. Wannan ɗan harsashin da kake rainawa, in ya kuskure, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi kafin ya faɗi, kuma yakan yi tsalle a kan ruwa.

Sai maganar iyali, wadda ita ce ainihin tambayarka. Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Bindigar da ke kashe zabo a taku 35 tana da harbi ɗaya ko biyu kafin ka karya ta ka sake ɗurawa. Mutanen da kake tsoro suna zuwa ne a kan babura da yawa, da AK mai cin harsashi 30 wadda ke samun mutum daga mita 300. Ko da ka bi shawarar abokinka na uku, ka zama mutum ɗaya mai haramtacciyar bindiga a gaban mutum 40, kuma jami'in tsaron da ya gan ka da ita ba zai tsaya tambayar ko kai manomi ne ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: gari ba ya rasa masu kai rahoto, kuma gidan da aka san da bindiga shi ake fara nema, don su ma bindigar suke so. Mai lamba 12 za ta iya korar ɓarawon akuya ko mai haura katanga shi kaɗai. Iyakarta ke nan. In zuciyarka ta tsaya a kan tsaron gari, Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 suna nan, ka nemi hanyar haɗa kai da su ta wurin hakiminku. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kada kuma tsadar mai lamba 12 ta sa ka koma wa harba-ka-ruga da ganganci. Ƙanin mahaifina ya rasa yatsu uku a gabana ina yaro, ranar da ya ƙara mata albarushi don yana son ta kai nesa. Bututun ya tsage kamar kara. Har ya rasu da hagu yake riƙe fartanya.

Abu biyu kafin in ajiye alƙalami. Ƙwayoyin nan dalma ce, kuma ɗan Zamfara ba ya buƙatar a gaya masa mece ce dalma bayan abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. In ka harbo zabo, ka tsince ƙwayoyin, ka yanke naman da ke kewaye da raunin ka zubar, kada mai ciki ko ƙaramin yaro su ci wurin. Sannan bindiga ta kwana babu harsashi a ciki, a akwati mai kwaɗo, harsashin kuma a wani ɗaki daban. Makullin ya zauna a aljihunka, ba a ƙarƙashin filo ba, don nan yaro ke fara dubawa.