Ga 'yar'uwar da fafutukar sauyin yanayi ta hana barci

'Yar'uwa, na ga tambayarki, cewa tun da kika shiga fafutukar nan barci ya ƙaurace miki, ƙawaye sun fara gudunki don ba ki da hira sai ta ɗumamar duniya, har kina tunanin ko ki haƙura. Wallahi kin fama wa da yawa cikinmu miki.

Ba ke kaɗai ba ce. Binciken da mujallar Lancet Planetary Health ta buga a 2021 ya tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, kashi 59 cikin 100 suka ce suna cikin matsananciyar damuwa, kashi 45 kuma suka ce abin ya shafi rayuwarsu ta kullum.

Lokacin da ya fi karya mutum shi ne makon da aka tashi daga taron COP, wato taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. An yi wata da watanni ana rubutu, ana haɗa taro, murya ta dishe, sai sanarwar ƙarshe ta fito ba ƙashi ba tsoka. Ƙarfe biyun dare ga waya a hannu, ana karanta sakin layi ɗaya sau biyar ko za a ga abin da babu. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin cewa nan da 2020 za su riƙa tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara don tunkarar sauyin yanayi, shekarar ta zo ta wuce ba su cika ba. Ga kuma masu zagi a kafafen sada zumunta, wai biyan ki ake yi, wai neman suna. Dubi Vanessa Nakate, 'yar fafutukar sauyin yanayi daga Uganda, a 2020 a Davos da ke Switzerland aka yanke ta daga hoto aka bar Turawan da ke gefenta. Wannan rainin ya fi gajiyar aikin ciwo, kuma har gobe ba ya daina ƙona min rai.

Kuskuren shi ne auna kai da abin da ba ya hannunki. Zaɓi aiki ɗaya mai iyaka, ki yanka masa awanni, a ce 5 ko 6 a mako, in sun cika ki rufe. Kuma ki yi shi cikin mutane. Damuwar da mutum ke ɗauka a ɗaki shi kaɗai ita ke rikiɗewa ta zama ciwo. A ƙungiyarku ku riƙa karɓa-karɓa, musamman mai amsa saƙonni, kada mutum ɗaya ya wuce wata guda a kai. Labarai kuma minti 20 da rana sun isa, ban da awa ɗaya kafin kwanciya.

Ƙawayen nan ki neme su. Ba ƙin ki suke ba, sun gaji ne da jin kamar ana tuhumarsu. Ki fita da su ki bar maganar a gida.

Amma don Allah ki lura: in aka yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da kike so ya fita ranki, ki ga likita ko ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa. In tunanin cutar da kai ya zo, ranar za ki faɗa wa wani, kada ki jira.

Ba ki faɗi shekarunki ba. In ba ki kai 18 ba, barcin awa 8 zuwa 10 jikinki ke buƙata, da shi za ki fara daren yau.