Kimiyya ko injiniya, wanne zan ɗauka bayan bak?

Ƙanena, ka ce ka samu bak D, wato takardar gama lise ta fannin kimiyya, kana tsakanin lissafi da fizik a fak, wato jami'a, ko karatun injiniya, kana son sanin wanne ya fi wuya kuma wanne ke kai mutum ga aiki.

Wuya dai kowa da irin tashi. Kimiyya zalla kamar wadda ake yi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi kai take ci, sai ka kwana kan hujja guda ba ka ga ƙarshenta ba, ni a shekarar farko aljabra ta sa har na rame wallahi. Injiniya kuwa lokaci take ci, ga zane ga aikin hannu ga staj na koyon aiki a kamfani, amma aƙalla kana ganin abin da kake yi da idonka.

Maganar aiki, lisans ta shekara 3 a kimiyya yawanci aji take kai mutum, koyarwa a kolej ko lise, sai in ka daure ka ƙara masta 2 da dokta. Injiniyan wutar lantarki ko gini ya fi hanyoyi, akwai kamfanin wuta na NIGELEC, matatar SORAZ ta Damagaram, ma'adinan Arlit, in duk ba su samu ba ma ɗaura sola kaɗai tana ciyar da gida a garin nan.

Kar dai ka zaɓa don abokinka ya zaɓa, kuma kar ka ce injiniya gudun lissafi ce, yana can yana jiranka. In EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, kake hange ka tambayi sharuɗɗan shiga da wuri, sannan ka kai wa malaminka na lissafi makinka tun daga sagwand, ajin farko na lise, ya duba, shi ya san ƙarfinka fiye da mu.