Tambaya da Amsa: Neman Jagora a Binciken Injiniyancin Juriya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na uku a sashen injiniyan lantarki. Bincikena a kan yadda ma'aikatan ɗakin kula da rarraba wuta suke riƙe aiki ne idan layi ya faɗi ba zato. Malamin da ke duba kundina gwani ne a lissafin na'urori, amma ya faɗa mini ƙarara cewa injiniyancin juriya ba fanninsa ba ne. Na aika wa furofesoshi biyar imel a ƙasashen waje, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Ina zan sami jagora? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba ko ƙofar da ka ƙwanƙwasa ita ce ta gidan da kake nema, domin masu binciken juriya kashi biyu ne. Akwai masu lissafin ƙarfin gada, dam ko turakun wuta: wane nauyi ne zai karya su, kwana nawa gyara zai ci. Akwai kuma injiniyancin juriya, fannin da Erik Hollnagel da David Woods da Nancy Leveson suka aza harsashinsa a taron Söderköping na ƙasar Suwidin a 2004, littafinsu ya biyo baya a 2006. Su abin da ya dame su shi ne yadda mutane da na'urori suke haɗuwa su ci gaba da aiki idan lamari ya wuce abin da aka tanada. Hollnagel ya ce tsari mai juriya yana iya abu huɗu: mayar da martani, sa ido, koyon darasi, da hangen abin da ke tafe. Aikinka na kashi na biyu ne. Idan masu lissafin kankare ka rubuta wa, ba za su san abin da za su ce maka ba.

Cibiyar wannan fanni ita ce ƙungiyar Resilience Engineering Association, wadda takan yi babban taronta kusan duk bayan shekara biyu. Tana da shirin Young Talents, inda ake zaɓar ɗalibai kaɗan su gabatar da aikinsu gaban manyan masu bincike, a zauna a yi masa filla-filla. A ganinmu wannan ita ce ƙofa mafi kyau gare ka, don haka ka riƙa leƙa shafinsu tun watanni kafin taro. Akwai kuma Jami'ar Lund a Suwidin mai digiri na biyu a kan halayyar ɗan Adam da amincin tsarin aiki, da Jami'ar Jihar Ohio a Amurka inda Woods ya daɗe yana koyarwa.

Sai dai kada ka nufi manyan sunaye kai tsaye, akwatin imel ɗinsu a cike yake. Ɗauki maƙaloli goma da suka fi kusa da aikinka cikin shekaru uku da suka wuce, ka duba sunan marubucin farko a kowace. Sau da yawa matashin malami ne da bai daɗe da gama nasa digirin ba, yana da lokaci, yana kuma neman abokan aiki. Saƙonka kada ya wuce kalmomi 200: ko kai wane ne, wace maƙalarsa ka karanta, me ka gani a filin aikinka da ya dace da ita ko ya saɓa mata, sai tambaya guda ɗaya. Haɗa da shafi ɗaya na tsarin bincikenka. Kada ka roƙi gurbin karatu ko kuɗi a saƙon farko, kada kuma ka rubuta "ina so ka zama jagorana" ga wanda bai taɓa ganin aikinka ba. Bayan mako biyu ka tuna masa sau ɗaya. In shirun ya ci gaba, wuce na gaba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina digiri na biyu a kan juriyar sashen gaggawa na asibiti. Wata malama a Norwe ta amsa mini, ta ce in turo "bayanan fili" kafin mu yi magana. Ina da takardun tambayoyi 250 da ma'aikata suka cike. Sun isa? Ɗaliba daga Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, ba su ta nema ba. Takardar "na yarda, ban yarda ba" tana nuna abin da ma'aikaci yake ganin ya kamata ya faɗa. Wannan fanni kuwa ginshiƙinsa shi ne tazarar da ke tsakanin aiki yadda aka tsara shi a takarda da aiki yadda ake yin sa da hannu.

Ɗauki misalin dare a sashen gaggawa. An ɗauke wuta, na'urar tace iskar oksijin ta tsaya, janareta bai tashi ba tukuna. Wa ya fara motsawa? Ta yaya ya san wane maras lafiya za a fara mayarwa kan silinda? Ina aka ajiye sifanar buɗe silindar, a inda doka ta ce ko a aljihun tebur ɗin babbar nas? Wa ya kunna fitilar waya ya riƙe wa mai neman jijiya? Waɗannan 'yan mintuna su ne bayanan da malamar take so. Ki zauna a sashen aƙalla zagayen aiki goma, ki haɗa da na dare da na ƙarshen mako, ki rubuta lokaci da abin da ya faru. Sannan ki yi hira da mutum 12 zuwa 15, har da masu tura gadon marasa lafiya da mai kula da janareta, ki ce su ba ki labarin wani dare takamaimai. Kada ki tambaye su yadda "ake yi".

Idan za ki yi amfani da hanyar FRAM, wato hanyar zana taswirar yadda ayyuka suke dogara da juna, kowane aiki ana duba shi ta fuska shida: abin da ke tayar da shi, abin da yake fitarwa, sharaɗin da dole ya cika kafin a fara, kayan da yake ci, lokaci, da abin da ke sarrafa shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya zana taswirar daga kundin dokokin asibiti. Za ta fito tsaf, amma ba ta nuna komai, mai duba aiki kuma zai gane nan take. Kafin duk wannan ki karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, ki tabbata izinin ya ambaci raba bayanai da wani a ƙasar waje, ki kuma cire sunaye. In babu wannan, mujalla za ta iya ƙin aikin gaba ɗaya.

Tambaya: Shin malamina ba zai ji haushi ba idan na nemo jagora daga waje? Ɗalibi daga Maraɗi.

Amsa: Zai ji, idan a bakin wani ya ji. Ka sanar da shi kafin ka aika saƙon farko, ka sa shi cikin ganawar farko ko da ta minti goma ce. Shi ne mai sa hannu a kundinka, maganar ƙarshe tasa ce. Ku rubuta yarjejeniya ta rabin shafi: ganawa sau ɗaya a wata ta minti 45 har wata shida, ka tura rubutu kwana biyar kafin ranar, bayan an tashi ka aika wa su biyun abin da aka yanke. Maganar sunan wa zai hau kan maƙala a gama ta tun yanzu, don a nan zumunci ya fi lalacewa.

Idan tafiya ta yi kyau, sashenku zai iya neman makarantar karatun gaba da digiri ta amince da jagoran na waje a matsayin mai duba aiki na biyu. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, wato DAAD, tana tallafa wa digiri na uku da malamai biyu na ƙasashe biyu suke dubawa tare. 'Yan Najeriya kuma suna da tallafin Commonwealth na rabin zango, wata 12 a wata jami'ar Birtaniya alhali rajistarsu tana gida. Duka biyun suna neman wasiƙar goyon baya daga malamin gida da na waje, don haka ka nemi wasiƙun aƙalla wata biyu kafin a rufe karɓar takardu.