Amsa ga ɗana a Garwa kan maganar auren jinsi a Amurka

Ɗana, saƙonka ya same ni ina dawowa daga aikin dare, sai da na yi asuba na sake saurara. Ka ce tun da takardar jami'a ta fito Yaya ba ta runtsa ba, wai an turo mata a WhatsApp cewa 'yan majalisar Amurka na can suna ja-in-ja kan saka haramcin auren jinsi a kundin tsarin mulki, kuma in abin bai wuce ba, duk ɗalibin da ya shigo sai ya sa hannu cewa ya yarda da shi. Maganar majalisa tsohon labari ne da ya girme ka. Ta sa hannu kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

A gabana aka yi, ban daɗe da sauka jihar Ohayo ba. Kotun ƙolin jihar Masacusets ce ta buɗe ƙofa a ƙarshen 2003, aka fara irin wannan aure a can a watan Mayun 2004. Shugaba George Bush ya fito a Fabrairun shekarar ya ce a gyara kundin ƙasa, a rubuta cewa aure tsakanin namiji da mace ne kawai. To amma gyaran kundi a nan ba kamar namu ba ne. Kana ƙarami lokacin da majalisar Yawunde ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa a 2008, cikin 'yan kwanaki aka gama. Nan sai an sami kashi biyu bisa uku a majalisar dattawa da ta wakilai, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Shi ya sa a fiye da shekara ɗari biyu sau 27 kacal aka taɓa kundin, na ƙarshe a 1992.

A majalisar dattawa ƙuri'a 48 masu gyaran suka samu a 2004, suka dawo a 2006 suka samu 49, alhali 67 ake nema. Ba duk waɗanda suka ƙi ba ne masu son auren jinsi. Sanata John McCain ɗan jam'iyyar Bush ne, amma ya ƙi, don a ganinsa aure hurumin jihohi ne, kada gwamnatin tarayya ta tsoma baki. Jihohin kuwa suka yi nasu. A zaɓen Nuwamban 2004 guda 11 suka saka haramcin a kundinsu rana ɗaya, har da Ohayo, da kusan kashi 62 cikin 100. Ina tuka tasi lokacin, ba ni da ƙuri'a, amma kunnena ya sha. Fasinja ya shigo yana cewa a ceci iyali, wanda zai biyo bayansa ya ce dabara ce kawai ta fito da masu zuwa coci su zaɓi Bush. Ni dai ina ganin akwai masu yi don addini tsakani da Allah, akwai kuma 'yan siyasar da ke lissafin ƙuri'a, kuma na biyun su suka fi ɗaga murya.

Duk wannan ya rushe ranar 26 ga Yunin 2015, da Kotun Ƙolin ƙasa ta yanke, alƙalai 5 da 4, cewa babu jihar da za ta hana. Mai ƙarar, Obergefell, ɗan Sinsinati ne a jiharmu. Har gobe rubutun haramcin na cikin kundin Ohayo, amma ba ya aiki. A 2022 kuma Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da ta tilasta a amince da auren da aka ƙulla a wata jiha.

Ga abin da nake so ka faɗa wa Yaya. Takardar gwamnati daban, ɗaurin aure daban. Da za mu aurar da 'yar'uwarka bara, kotun gunduma muka je aka karɓo lasisi, sannan muka zo masallaci, ni waliyyi, aka yanka sadaki, aka raba dabino da alawa saboda goron da aka samo ya bushe. Babu mai iko ya tilasta wa liman ko fasto ya ɗaura auren da addininsa bai yarda da shi ba. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan dai shi ya kare su. Abin da zai ba ka mamaki shi ne mace ta biyu. A meri ta Garwa, wato ofishin magajin gari, ana tambayar ango ko mace ɗaya ya zaɓa ko fiye, a rubuta a takarda. Nan ka yi haka, laifi ne.

Sai dai ka sani, dokar Kamaru mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 kan luwaɗi da maɗigo ba ta biyo ka cikin jirgi ba. Za ka iya samun malami namiji ya ce maka mijinsa ba shi da lafiya, ya ɗage darasi. Ka ce Allah ya sawwaƙe, ka ɗauki jakarka. Ba wanda zai tambaye ka aƙidarka, amma zagi ko tsokana na iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa, kuma bizarka a rataye take da zamanka ɗalibi. Maƙwabtana na hagu mata biyu ne masu aure. Sanyin da na kwanta ciwon baya, su suka kwashe min ƙanƙarar ƙofar gida ba tare da na roƙa ba. Da salla Gwaggonka takan aika musu da waina. Ba su taɓa neman in canza ra'ayi ba, ni ma ban taɓa yi musu wa'azi ta kan shinge ba.

Zan kira Yaya ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci. Kilishin da ta ce za ta haɗo ka da shi, ta bar shi, 'yan kwastan za su ƙwace a filin jirgi. Yajin ƙuli da kuka dai ka taho da su, ka kuma rubuta su a takardar shigowa.